Taimama a Farantin Toka

Masu shaguna a Fordham Road suna yawan tambayata yadda na shigo Amurka. Ba na son zancen. Ta ƙasa na zo, ta Ecuador. A wani gari a can guzuri ya ƙare mana, ni da wani dattijo ɗan Maraɗi da nake kira Baba.

Dako muka samu. Akwai dutse mai aman wuta a bayan garin, kullum toka na zuba. Masu bincike sun kafa farantai a kan sanduna a gangaren dutsen. Mu ɗauki kaya, su kuma su share tokar da buroshi, su zuba a leda, su ɗora a sikeli. Mai aiki da su kaɗai ake ba takunkumi mai tace iska, da yamma ya mayar. Takunkumin nan ne ya riƙe mu a aikin. Tokar nan kamar garin kwalba take a ƙirji.

Ran nan la'asar ta same mu a sama, babu ruwa. Ƙasa duk kashin shanu. Baba ya leƙa faranti ya ce, "Ɗana, wannan garin dutse ne, mai tsarki ne." Ya buga tafukansa a ciki, ya yi taimama.

Shugaban aikin ya iso ya tarar da sawun hannu biyu a tokarsa. Ya hau ihu. Tafinta ya ce awon ya lalace. Na ce, "Gaya masa salla ce. Wa ya taɓa ce mana ba a taɓawa?" Ba wanda ya taɓa faɗa. Jaki ba a yi masa bayani, kaya ake ɗora masa. Shugaban ya miƙa hannu ya zare takunkumin daga wuyan Baba, ya nuna masa hanya.

Baba ya koma sharar toka a rufin gidajen mutane, da rawani a hanci. Ni na ci gaba da dako, don sai mun ci. Toka cikin cokali suka auna har da rubutawa. Wadda ta shiga ƙirjin tsoho ba wanda ya auna.

Yanzu ɗaki ɗaya muke da Baba a unguwar Tremont, a bene na sama. Likita ta dubi hoton huhunsa ta tambaye shi tun yaushe yake shan sigari. Mutumin da ko goro ba ya ci! Masallaci na ƙarshen layinmu. Baba ba ya iya sauka. A zaune yake salla, a bakin gado.