Ruwan Wanke Allo

'Yata ta fari tana da wata goma sha bakwai lokacin da amai da gudawa suka kwantar da ita. Kwana biyar muka yi a asibiti a Birnin Kebbi, ana ƙara mata ruwa ta jijiyar ƙafa saboda ta hannu ta ɓuya. Ranar da za a sallame mu, wata nas da na riga na yi cacar baki da ita sau biyu a kan fanka ta tare ni a bakin ƙofa, ta tambaye ni irin ruwan da yarinyar ke sha. Na ce na famfo mana, wanda kowa ke sha a unguwarmu ta Gesse. Ta ce damina ce, bututu na fashewa a ƙarƙashin ƙasa, ruwan kwata na shiga. Ko dai in riƙa tafasawa ko in sayi na gora. Ban yi mata godiya ba, don har lokacin haushinta nake ji. Amma kafin mu kai gida na sa mai Keke ya tsaya, na sayi katan guda na ruwan gora.

Na gwada tafasawar. Sai dai ni mai fita aiki ce, kuma sau biyu na dawo na tarar mai raino ta cika fulas daga famfo don na ciki ya ƙare. Daga nan na kafa doka a gidana: yarinyar nan ba ta shan ruwa sai wanda aka ji ƙarar tsinkewar murfinsa. Mijina ya ce na mai da ita 'yar gwamna. Wata maƙwabciyata ta ce su da suka tashi da ruwan rijiya ai ga su nan da ƙafafunsu. Na ce mata waɗanda suka rayu ne kaɗai ke da bakin faɗin haka, muka yi sati ba ma gaisawa. Ni dai an san ni, ba a faɗa mini in yi shiru. A ofis ma idan aka ga na gyara ɗaurin kallabi, kowa kama gabansa yake yi.

Mutum ɗaya ne a duniya bakina ke mutuwa a gabansa, shi ne mahaifina.

Baba malami ne a Argungu, yana da zaure a bakin lungunmu inda yake karantar da manya bayan sallar asuba, sauran yinin kuma yana rubutun sha. Zai rubuta ayoyi a kan allo da tawadar da yake dafawa da kansa, ya wanke a ƙwarya, a kai wa mara lafiya ya sha. Da wannan rubutun na girma. Na sha shi don zazzaɓi, na sha shi ranar jarrabawa, na sha shi ina naƙuda. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai "uwata". Jikar tasa kuwa "amarya" yake ce mata, irin wasan nan na kaka da jika, kullum yana ƙorafin wai ba ta iya tuwo ba.

Juma'ar farko bayan an sallame mu, wani direba da ke jigila tsakanin Argungu da Birnin Kebbi ya kawo mini ƙaramar jarka daga Baba. Ina buɗewa ƙamshin tawada ya doke ni, hayaƙi-hayaƙi da ɗan ɗanƙon ƙaro, sai na ji kamar ina zaune a bakin zauren ina 'yar shekara bakwai. Har na ɗauko kofin yarinyar, sai na tsaya. Na san famfon da Baba ke tarar ruwa. Na san inda bututunsa ya ratsa kwatar lungunmu, an naɗe tsagar da tsohuwar robar taya tun ina sakandare. Ban taɓa shakkar ayar ba, har gobe. Ruwan nake tsoro.

To ina zan kai shi? Ba a zubar da rubutu inda ƙafa ke takawa, balle makwarara. Na yi tunanin in tafasa, zuciyata ta ƙi ɗora ayar Allah a kan wuta, kuma babu malamin da zan tambaya ba tare da maganar ta riga ni isa Argungu ba. Sai na yi bisimilla na ɗaga jarkar na shanye, na ce wa kaina ai tana shan nono, albarkar za ta isa gare ta ta nan. Mijina yana kallona ya ce wannan fatawar tawa a wane littafi take, na ce a littafin uwa.

Da yamma Baba ya kira waya. "Uwata, amarya ta sha?"

"Ta sha, Baba."

Haka na yi Juma'a tara. Jarka ta zo, in shanye, a kira waya, in yi ƙarya. Yarinyar ta murmure, kumatunta suka dawo, Baba na ta hamdala yana cewa rubutu ya karɓe ta. Ban taɓa yi masa ƙarya ba ko ina yarinya, ga shi da girmana, da 'yata a goye, na mai da ita sana'ar mako-mako.

Sai lokacin yaye ya zo, dabarata ta ƙare. A gidanmu idan za a yaye yaro wurin kakanninsa ake kai shi, Baba ya yi masa rubutun dangana don ya haƙura da nono, ya ba shi da hannunsa. Babu sauran nonon da zan laɓe a bayansa. Ko dai in tsaya ina kallo ta sha ruwan da ya kusa raba ni da ita, ko in buɗe baki in gaya wa malamin da mutane ke durƙusa wa cewa ruwan rubutunsa bai yi mini ba.

Ranar Asabar da safe muka kama hanya, ni da ita da katan uku a bayan mota. Damina ta ja baya, shinkafa ta fara nuna a fadama, ko'ina ya yi launin ruwan ɗorawa, masu korar tsuntsaye na kaɗa gwangwani. Kullum wannan hanyar tana wanke mini rai, amma ran nan ban ga komai ba. Ina ta jera magana a zuciyata ina rushewa.

Inna, mahaifiyata, ta ga ana sauke katan ta riƙe haɓa. "Shago za ki buɗe muna? Gulbi na nan bayan gari, ke ko kin ɗauko ruwa tun daga Birni." Na ja ta ɗakin girki na gaya mata komai, har da Juma'a taran. Na roƙe ta ta yi masa maganar. Ta daɗe tana juya miyarta kafin ta ce, "Wagga magana ba tawa ta ba. Ubanki na. Tahi ki hwaɗa mai da bakinki, ba ya cin mutane."

Na same shi a zaure a kan buzunsa, ya gama rubutu, ya jingina allon da bango yana shan iska. Akwai wasu alluna uku a gefe, su ma a rubuce. Ga ƙwaryar wanki, ga buta cike da ruwan famfo. Ya karɓi yarinyar ya ɗora a cinya, ta kama gemunsa, yana ce mata yau kam za a ga ƙarshen rowa, tunda ta zo gidan miji hannu rabbana. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gorar ruwa guda a gefen buzun.

Ya dubi gorar, ya dube ni. "Ƙishi kike ji, uwata?"

"A'a, Baba. Cewa niy yi ko za ku wanke allon da wanga."

Ya gyara wa yarinyar zama a cinyarsa. Ni kuwa da na fara sai maganar ta ɓalle. Na gaya masa abin da nas ta ce, na gaya masa bututun da ke cikin kwata, na gaya masa yadda idanun yarinyar suka faɗa a asibiti har na kasa kallonta. Na rantse masa ba rubutun nake raina wa ba. Daga ƙarshe, kaina a ƙasa, na ce duk jarkar da ya aiko ni na shanye, ko ɗigo ba ta sha ba.

"Duka?"

"Duka, Baba."

"Shi ya sa nig ga kin yi ƙiba," in ji shi. Na ɗago, na ga gefen bakinsa na motsi, har na fara sakin jiki. Amma dariyar ba ta fito ba. Ya sauke yarinyar a kan buzu, ya ba ta carbinsa tana wasa, ya tambaye ni Juma'a nawa ke nan. Na ce tara.

Wani mai kabu-kabu ya wuce ta lungun, ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Sannan Baba ya ce, "Kin san ba ke ta ta hwari ba."

Na sani, amma sama-sama. An haifi biyu kafin ni sun koma, abin da na taɓa ji ke nan, ba a zancen a gidanmu.

"Damina guda ta ɗauke su, da cutar ga da kik ce. Niy yi rubutu har yatsana ya kumbura. Ina wankewa da ruwan da muke da shi, ina ɗura musu. Kwana ya ƙare, wannan na sani, ba ni jayayya da shi. Amma shekara da shekaru ba wanda yaz zauna yac ce mani, Malam, duba ruwan." Ya nuna allunan nan uku da ke jingine. "Wanga na ɗan mai gyaran keke na, watanshi takwas. Wanga na jikar liman. Wanga ko tagwaye za su raba. Ke kin sani tun sati tara, kin tsare taki, kin bar ni ina ba ɗiyan mutane."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan ranar ba. Duk tsawon makonnin nan tsorona kada ya ce na yi boko na raina gadon gidanmu. Ko sau ɗaya ban tuna da cewa ba 'yata kaɗai ake wanke wa allo a zauren nan ba. Ni da nake yi wa maƙwabciya wa'azi a kan ruwa har mu yi gaba, na zo inda maganata za ta yi amfani na kama bakina na kira shi ladabi. Na fashe da kuka, ina ba shi haƙuri.

"Bari kuka, kar ki tada mani amarya," ya ce. "Aya ba ta zaɓi ruwa ba. Mu adda hankalin zaɓa."

Ya ɗauki gorar ya juya ta yana neman yadda ake buɗewa, na miƙa hannu, ya ce in bari. Ya murɗa har murfin ya tsinke. Ya fara zuba kaɗan ya wanke hannunsa na dama, ya ɗauraye ƙwaryar ya watsar a waje, sannan ya tsayar da allon a ciki ya yi bisimilla. Ruwan na gangarowa fari tas, yana isa ƙasa ya zama baƙi. Na ce to tawadar fa? Ya ce wannan kam dafaffa ce, in kwantar da hankalina, sai dai ko in ina so a sayo alƙalami na gora shi ma.

Ya ɗora yarinyar a cinya ya kai mata ƙwaryar baki. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta dube shi, sai kuma ta kama gefen ƙwaryar da hannu biyu ta yi ta sha har yana zuba a rigarta. Karo na farko ke nan da rubutun kakanta ya shiga cikinta ba ta hanyata ba. Na zauna ina kallon maƙogwaronta na motsi, ban ji tsoron komai ba.

Na ce zan riƙa aiko masa da katan duk wata don sauran yaran. Ya ce in aiko, ba ya ƙi, amma mutanen da ke zuwa zaurensa ba duka ke iya sayen gora ba, kuma ba rubutu kaɗai 'ya'yansu ke sha ba. Abin da zai koya musu dole ya zama wanda ke cikin kowane gida. Ya tambaye ni tafasawar nan, minti nawa ne. Na ce har sai ya yi ta ɓararraka sosai, a rufe, a bar shi ya huce. Ya sa na maimaita, yana gyaɗa kai kamar yadda ɗalibansa ke yi idan yana ba su karatu.

Ana haka wata mata ta yi sallama daga waje, matar mai gyaran keken ce, da goyo a bayanta da ɗan kwano a hannu, ta zo karɓar rubutu. Baba ya janye butar famfon ya tura ta bayansa. Ya ɗaga murya ya ce wa Inna ta ɗora tukunya mai tsabta a wuta, ta cika ta da ruwa.

Sannan ya ce wa matar ta shigo ta zauna, rubutun zai ɗan jima yau. Ya nuna ni da hannu. "Ga ɗiyata nan ta zo daga Birni. Akwai karatun da tab ba ni yanzu, ban gama haddacewa ba. Uwata, hwaɗa mata, ni ma in ƙara ji."