Lambar Sirrin Dattijo Bulus

Ban taɓa mantawa da ranar da Dattijo Bulus ya tsaya a ofishina yana sosa ƙeya, wayar 'yarsa Rahila a hannunsa ba. Ku sababbin malamai, ku ji wannan.

Lokacin ina shekara ta shida da fara koyar da kwamfuta a wata sakandaren mishan a Kagoro. Ta waya muke tura wa 'yan ajin ƙarshe darussan bita, don haka firinsifal ya ɗora mini aikin sa wa wayoyin takunkumi. Tsarin ba wuya. A ƙayyade wa shafukan sada zumunta awa ɗaya a rana, a hana sauke sabuwar manhaja, sannan uba ko uwa su danna lambar sirri. Ni kuwa sai in juya baya, don ko ni bai kamata in sani ba.

Dattijo Bulus manomin citta ne, kuma dattijon ikilisiya. Mutumin kirki, sai dai fushinsa wutar kara. Ranar da muka sa takunkumin, a zangon farko, ya nuna Rahila da yatsa ya ce, "Malama, ranan da na ji yarinyan nan ya buɗe abin nan, na karɓa waya ke nan. Ba roƙo."

Ana saura mako uku a yi jarabawar shiga jami'a, firinsifal ya ce a sa wa kowane ɗalibi manhajar gwaji. Sai da lambar sirri za a yi, don haka na kira iyaye. Dattijo ya zo a babur, ya danna lamba, ba ta buɗe ba. Ya gwada lambar babur ɗin, ya gwada shekarar aurensa. Shiru.

Na ce, "Baba, in babu lambar, sai dai a wanke wayar gaba ɗaya. Duk darussan da ta tara tun farkon shekara za su tafi."

Na ga idon Rahila ya cika da ƙwalla. Ta dubi wayar, ta dubi ubanta. Can ta ce, "Dadi, lambar waƙar da kake ɗaukowa daga littafin waƙoƙi kullum a addu'ar safe ne. Da sifili a gaba."

"Wa ya gaya miki?"

"Ranar nan kana dannawa kana rera waƙar."

Ya danna, waya ta buɗe. Maimakon murna, sai wutar karar ta kama. "Wato tun tuni kina buɗewa! Ni kika mayar wawa?"

Na san ba ya magana biyu. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, bari wayar ta ba da shaida." Na buɗe shafin da ke nuna yadda aka yi amfani da ita, ina addu'a a zuci, don ni ma ban san abin da zan gani ba. Muka bi kwanakin da wayar ta ajiye ɗaya bayan ɗaya. Babu ranar da Rahila ta wuce awa ɗaya a shafukan sada zumunta.

Ya ce, "Kin sani, kuma ba ki buɗe ba?"

"Ai ka ce kada in buɗe."

Ya ciro hankici ya goge fuska, wai zafi ake yi. Da na gama sa manhajar na ce, "Baba, mu canza lamba?"

"Bar shi, Malama. In na sake mantawa, wa zan tambaya?"

Har yau ina sa wa wayoyi takunkumi, kuma yana da amfani, ba na musu. Amma tun ranar na daina tunanin lambar ce ke tsare yaro. Duk uban da ya zo, nakan ce masa ya danna a hankali, kuma kada ya yi waƙa. In ya yi, to Allah ya sa irin Rahila ya haifa.