Teburin Dakta Rifkatu

Na shekara ashirin ina kula da ɗakin gwaji na sashen fiziks a wata babbar makaranta a nan Bauchi, amma har gobe ban manta da Talatar da masu tantance kwasa-kwasai suka zo mana ba.

Dakta Rifkatu, malama a sashenmu, ta haɗa wani gwaji a kan teburin ƙarfe: fitilar lesa mai fitar da siririn haske kamar zare, ƙananan madubai, da gilasai masu raba haske gida biyu. Mutum in ya isa mararraba, ko dama ya bi ko hagu. Ƙwayar haske kuwa, in ta isa irin gilashin nan, duka hanyoyin biyu take bi lokaci guda, sai an auna ta a ƙarshen hanya. A kan irin wannan tafiya masana ke son gina kwamfutar kwantam. Mararraba huɗu kacal muka haɗa, amma wata bakwai muka yi muna saita madubai, don ko jingina ka yi da teburin sai saitin ya goce.

Ranar Litinin, Dakta tana Jos wajen bikin ƙaninta, sai ga shugaban tsangayarmu. Ya dubi bango ya yatsine fuska.

"Malam Ɗanlami, nan zan kawo baƙi? Ko fenti babu. A kai teburin nan babban zaure."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka ɗaga shi aikin ya rushe."

"Ni farfesa ne," in ji shi. "Kai mataki na nawa kake?"

Leburori shida suka ciccibi teburin. Shugaban ya sa aka dasa furen roba daidai inda haske ke wucewa. Wani madubi da ya ga kamar ya yi datti, da hannun babbar rigarsa ya goge shi.

Washegari na kunna lesa, haske ya tafi ya sauka a silin. Shugabar baƙin, wata dattijuwar farfesa, ta daɗe tana kallon sama, sannan ta tambayi shugabanmu me ƙwayar hasken ke yi a nan.

Ya gyara hula ya ce, "Ai tafiya take yi, Hajiya. Tafiya irin ta zamani." Da ya ga ba ta yi murmushi ba, sai ya nuna ni: "Sakacin ma'aikacinmu ne."

Laraba na karɓi takardar tuhuma, wadda a ƙa'ida ake amsawa cikin awa ashirin da huɗu. Ran nan Dakta ta dawo. Ta ɗaga madubin da aka goge, duk ya karce, ta ajiye. Abin da ta ce kawai shi ne, "Baba Ɗanlami, ɗauko mini sukudireba." Muka sake daga farko. Shugabanmu kuwa hotonsa ne ya fito a kalandar makaranta, ya dafa teburin yana washe baki.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a koya muku kare gwaji daga girgiza da zafi. Ni nawa darasin shi ne: ku fara sayen kwaɗo mai kyau, kuma kada makullin ya kwana a ofishin shugaba.