Tambayar da Na Ɗauka Zuwa Yamai

TALATA: ZARIYA ZUWA SAKKWATO

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ja ƙofar ɗakina, na ɗora akwatin kwano a ka, na nufi tasha. Shekaru kaɗan ke nan da sauke tutar Turawa, a nan da can Nijar. Ni kuwa saurayi ne, malamin makaranta da aka ba dama ya koma jami'a neman digiri na biyu a fannin ilimi. Aikin da na ɗaukar wa kaina shi ne gwada yadda karatu mai zurfi ke yi da al'adar ɗalibi a ƙasa renon Ingila da ƙasa renon Faransa.

In faɗi gaskiya, na yanke hukunci tun kafin in ji ta bakin kowa. Na rubuta babi guda, shafi arba'in, inda na ce Faransa takan ɗauki ɗan mutane ta mayar da shi baƙin Bafaranshe, mu kuwa an bar mu da harshenmu da rigarmu. Baturen da ke duba aikina ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Lawal, ka taɓa zama da ko mutum ɗaya daga cikinsu?" Na ce a'a. Ya ce to ba zai sa hannu ba sai na je. Mako biyu ya ba ni. In zangon karatu ya ƙare babin bai shiga ba, sai in tattara in koma aji da alli.

Na sami gaban wata babbar mota, sule biyu a kan kuɗin baya. Direban ya dubi akwatina ya ce, "Malam, fatauci za a je?"

"Tambayoyi zan kai Yamai."

"Tambayoyi? To Allah ya sa a saya."

Mun karya da koko da ƙosai na kwabo uku a Funtuwa, muka yi azahar a Gusau. Kusan mil ɗari biyu da hamsin muka ci ranar, ana kiran magariba muka shiga Sakkwato. Na kwana gidan wani abokin karatuna.

LARABA: KAN IYAKA

Bakwai da rabi muka bar Sakkwato, kafin sha ɗaya muna Illela. Iyakar ba komai ba ce sai sanda a kan ganga biyu da rumfar zana. Muna wucewa direba ya karkata motar daga hannun hagu ya koma dama, na dafe ƙofa ina salati, fasinjoji suka yi ta dariya. A zamanin mu hagu muke bi, su dama.

A Birnin Ƙonni jandarma ya karɓi takardata ta jami'a, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Ingilishi ne, bai san kansa ba. Ya yi mini Faransanci, ni ma ban san kansa ba. Muka tsaya muna kallon juna, can ya ce, "Kai, ɗan uwa, mi ka kai ka Yamai?"

"Karatu, ranka ya daɗe."

"To ka hwaɗi haka nan mana!" Ya buga hatimi.

Nan na canja fam zuwa kuɗinsu, jikka da dala, na ci burodinsu mai tsawon kamu biyu, ɓawonsa na fasa dasashi. Na shiga wata kamyo, wato babbar mota a bakinsu, maƙare da albasa. Mil ya ƙare, sai kilomita: ɗari huɗu da ɗoriya zuwa Yamai, a kan jar hanya mai gargada. Muka kwana Dogon Dutsi a rumfar wani mai shayi.

ALHAMIS: SHIGA YAMAI

Daga Doso Hausa ta fara ƙaranci, sai gaisuwar "fofo, fofo" ta Zabarmawa ko'ina. Ƙarfe huɗu da minti goma muka shiga Yamai. Gari ne ɗan madaidaici a lokacin, faffaɗan tituna da itatuwa, raƙuma ɗauke da itace suna tafiya gefen motocin gwamnati ba mai yi wa wani tsawa. Kogin da ya bi ta gefen garin ba a ɗora masa gada ba tukuna, jirgin fito ke kai mutane ƙetare. Na sake zuwa Yamai sau uku bayan haka, amma wancan garin mai shiru da ƙanshin gasasshen kifi ban ƙara samunsa ba.

Masaukina a unguwar Zango yake, gidan Alhaji Ila, mutumin Maraɗi mai sayar da atamfa, wanda abokina na Sakkwato ya haɗa ni da shi. Ya ba ni ɗakin zaure, aka kawo dambu da zogale, wanda su ke kira kopto. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ce, "'Yan lakwal kake bida, masu karatun boko? Ai ba su da wuyar gani. Duk wanda ka gani da rana tsaka ya shaƙe wuyanshi da tsumma, shi ne."

JUMA'A: OFIS

A lokacin Nijar ba ta buɗe jami'arta ba. Mai neman ilimi mai zurfi Dakar ake tura shi, ko Abijan, ko Faransa. Na je ofishin da aka ce yana da sunayen waɗanda suka dawo. Daga takwas har sha ɗaya ina kan benci. Akawun mutum ne mai fara'a, amma ya ce takardata sai an fassara, mai fassarar kuma yana hutu. Na lissafa kwanakina, na ga ba za su kai ba.

Ina nan zaune sai wani dogon mutum ya shigo, kwat da naktaye, taba a hannu, Faransanci na zuba a bakinsa kamar ruwan kwata. Na ce a raina, ga babina nan yana tafiya da ƙafa biyu. Akawun ya nuna ni, mutumin ya juyo.

"Kai ne Ɗan Ingilishi? Ni ne Abdu, mushe nike a lakwal babba." Mushe shi ne malamin boko a can. Ba'adare ne daga Tawa, ya yi shekara huɗu a Dakar.

Muka zauna gindin wata bishiyar bedi, na zaro takardar tambayoyina guda ashirin. Ya amsa shida tiryan-tiryan: shekarun karatu, jarrabawa, abincin ɗalibai. Na karanto ta bakwai: "Shin karatunka ya raba ka da al'adarka?"

Ya zuƙi tabarsa. Sannan ya take guntun tabar da takalmi ya ce, "Wagga ba a amsa ta bisa benci. Lahadi da sahe ka jira ni ƙohwar Alhaji. Ka iya keke?"

LAHADI: GUDEL

Da ƙyar na gane Mushe Abdu. Tsohuwar taguwa ce a jikinsa da hular kaba, ya ɗaure wata na'urar ɗaukar magana mai nauyin jaririn maraƙi a bayan kekensa. Alhaji Ila ya ara mini nasa. Bakwai daidai muka kama hanyar yamma, bakin kogi, ta cikin lambunan salak da kabewa, har ƙauyen Gudel. Bai fi tafiyar rabin sa'a ba.

A hanya ya ba ni labari. A lakwal ɗin ƙauyensu, duk yaron da ya yi Hausa sai a rataya masa wani guntun ƙashi a wuya, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani ya yi. "Mun koyi tsegumi kahin mu koyi lissahi," in ji shi. Na ji daɗi a raina, na ce ga hujja. Ya ci gaba: a Dakar, wata rana ɗalibai suna hira, kowa na faɗin asalin garinsu. Da aka zo kansa, sarakunan Faransa yana iya jero su kamar karatun sallah, amma sunan kakan kakansa ya gagare shi. Ya ce kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. Kuma a can ɗin, a wannan jami'ar ta Faransawa, ya koyi yadda ake ɗaukar maganar tsofaffi a rubuta ta ba a ɓata ba. Tun da ya dawo, kowace Lahadi yana wajen wani tsoho.

Tsohon ranar Baba Hamani ne, masunci, Bazabarme mai Hausar kasuwa. Muka same shi yana ɗinkin koma a inuwar mangwaro. Mushe Abdu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe shi da Zabarmanci, ya ajiye goro. Sa'a biyu tsohon yana magana, faifan na juyawa: sunayen kifi, gurbin da dorina ke kwana, waƙar da ake yi wa ruwa kafin a jefa koma. Mutumin da na gani da naktaye yana zaune a ƙasa, in bai ji kalma ba sai ya ce, "Baba, sake mini," kamar ɗan aji ɗaya.

Da aka kashe na'ura aka kawo kifi da tuwon gero. Baba Hamani ya dube ni.

"Baƙo, ubanka wane aiki?"

"Marini ne, Baba, a Katsina."

Fuskarsa ta washe. Ya aika ciki aka ɗauko wani tsohon rawani baƙi wuluk, ya ce na aurensa ne, rinin ƙasar Hausa, har yau yana ba da shuni a goshi. Ya ce na yanzu wanki biyu sun koɗe. "Kai ɗan gida ne, gaya mini. Kwana nawa baban rini yake yi cikin rami kafin ya nuna? Wace toka ake sa mishi?"

Na buɗe baki. A karofi, wato marina, aka haife ni, da kuɗinsa aka saya mini allo da littafi. Amma tun da na shiga makarantar midil nake zagaye unguwar marina in na zo hutu, don kada farin wandona ya ɓaci. Ina iya ba ka tarihin jami'o'in Ingila daga tushe. Kwanan baba a rami kuwa ban sani ba.

"Ban riƙe ba, Baba," na ce.

Tsohon bai yi mini dariya ba. Tausayi ne ya kama shi. Ya juya wajen Mushe Abdu ya ce a hankali, "Wayyo. Shi ma Dakar aka kai shi?"

"A'a, Baba. Zariya ce kawai."

Ƙashin kifi ban san lokacin da na haɗiye shi ba. A hanyar dawowa muka yi ta tuƙi har muka hango hasumiyar masallacin Zango. Nan Mushe Abdu ya tsayar da keke ya ce, "Lawal, kada ka yaga babinka duka. Abin da ka hwaɗi bisa kanmu, rabi gaskiya ne, ƙashin nan har yau ina jin shi ga wuyana. Sai dai ka auna mu da mudu, kai ba ka shiga mudun ba. Ku an bar muku riga, mu an tuɓe muna. Wanda aka tuɓe ya san tsirara yake."

LITININ ZUWA ALHAMIS

Ban koma ofishin nan ba. Mushe Abdu ya kai ni wajen mutum tara da suka yi karatu waje, har da wata ungozoma da ta ce ita ba abin da ya raba ta da kowa, in daina damunta tana da masu naƙuda. Wasu sun manta da yawa kuma ba su damu ba. Wasu kamar shi suke. Na daina karanto tambaya ta bakwai daga takarda. Sai in fara ba su labarin rawanin Baba Hamani, su yi dariya, sannan su buɗe ciki. Da yamma ni da Mushe Abdu mukan zauna bakin kogi, shi ya fassara mini tsarin karatunsu, ni in zana masa namu a ƙasa da tsinke. Ingilishina da Faransancinsa ba su taɓa gaisawa ba, Hausa ce ta yi mana dillanci.

JUMA'A: KOMAWA

Shida na safe Alhaji Ila ya raka ni tasha da ƙunshin kilishi. Mushe Abdu ya zo da kwat ɗinsa, zai wuce aji. Ya ce, "Ta Sakkwato za ka?"

"Ta Maraɗi."

Ya yi murmushi. Na kwana Ƙonni, na kwana Maraɗi, na ƙetare ta Jibiya, Lahadi da hantsi ina Katsina. Ban shiga gida ba, marina na wuce da akwatina. Mahaifina yana tsaye bakin rami yana motsa baba. Ya ga farin wandona, ya ga littafi a hannuna.

"Lafiya, Lawal? Wani ya mutu?"

"Lafiya lau, Baba. Tambaya na zo yi. Kwana nawa baba yake yi kafin ya nuna?"

Ya jingina sandar, ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Wa ya aiko ka?"

"Wani masunci a Yamai."

"Yamai," ya ce, yana jinjina kai. "Ga rami a ƙofar gidanku, sai da ka je Yamai." Abokan aikinsa suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Ba a ƙirga masa kwana. Kumfa ke faɗa, da wari. Ajiye littafin nan, cire agogo, miƙo hannunka."

Kwana biyu na yi a bakin ramin. Talata da la'asar na sauka Zariya, hannuna shuɗi har wuyan hannu. Da shi na sake rubuta babin, wannan karon da mu da su duka a cikin mudu ɗaya, kuma Baturen ya sa hannu ana saura kwana huɗu a rufe zango.

Mun yi shekaru muna musayar wasiƙa da Mushe Abdu, shi da rubutun Hausarsa mai bin ƙa'idar Faransanci, ni da tawa, kowa na gyara wa ɗan uwansa. Daga baya wasiƙa ta zo da rubutun hannun ɗansa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Alhaji Ila da iyalinsa, da jandarman Ƙonni, da direbobin da ban riƙe sunansu ba. Baba Hamani, da Mushe Abdu, da mahaifina, duk sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ya haskaka kabarinsu. A takardar digirina sunan jami'a ɗaya aka rubuta, amma su ukun nan ne suka karantar da ni.