Ranar da Na Goge Jadawalin Ruwa

Har yau ban mance da Litinin ɗin da na goge jadawalin ruwa ba. Ku da kuka shigo aikin ga bayana, gara ku ji daga bakina.

Lokacin watana huɗu da fara aiki da ƙungiyar manoman rani a Goronyo. Ofis ɗinmu gidan Shugaba ne, Alhaji Umaru, ƙanin mahaifin mijina, wanda nake kira Baba. Sakatare, Malam Bello, yana zaure da babbar kwamfuta, ni ina ɗakin da ke bayan zauren da ƙarama. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Aikina buga jadawalin ruwa, wato takardar da ke faɗin gonar da za a sako wa ruwa, da ranar, da awannin. Duk Litinin da hantsi ake miƙa ta ga mai buɗe ƙofar ruwa. In babu ita, ba ya taɓa ƙofar.

Wani ɗan akwatin wayalas a kan taga shi ya haɗa kwamfutocin biyu. Malam Bello ya nuna mini folda mai suna Aiki, ya ce duk abin da na buga in sa ciki. Na ɗauka tawa ce ni kaɗai. Ban gane cewa a kwamfutarsa take zaune ba, ni leƙowa kawai nake daga tawa.

To, ɗiyata ta fari, da aka yaye ta, kakarta Inna ta tafi da ita Tursa. Kun san mu da ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a tambayar lafiyarsa gaban manya. Hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Ƙanwata da ke can kan turo mini hotunanta, wayata ba wuri, sai in juye a kwamfuta in goge na wayar. Na buɗe ƙaramar folda cikin Aiki, na sa mata sunan yarinyar na yanka, wanda bakina bai taɓa furtawa ba. In aiki ya lafa, in buɗe in duba ko ta rame.

Ran nan na kai butar shayi bakin zaure, sai na ji Malam Bello yana dariya.

"Alhaji, zo ka ga amaryarka. Ta yi kumatu, ta fi ƙarfin tsoho."

Na leƙa. Ga yarinyar ta cika fuskar kwamfutarsa, ga sunanta a sama, ga Baba tsaye yana kallo.

Ban san yadda na koma ɗaki ba. Na zaɓi duka, na danna gogewa. Kwamfuta ta yi wata tambaya da Turanci, ban tsaya karantawa ba, na ce mata e. Ina tsammanin cikin foldar hotuna nake, ashe ina wajenta. Aiki ta zama fayau.

Ban gama sauke numfashi ba na ji Malam Bello: "Hadiza, ina jadawali?"

Ya shigo ya duba kwandon sharar kwamfutata, ya koma ya duba nasa, babu. A nan ya faɗa mini abin da ya kamata kowannenku ya riƙe: abin da aka goge ta wayalas daga wata kwamfuta, ba ya faɗawa kwando, tafiya yake gaba ɗaya. A waje manoma sun fara taruwa. Lokacin dashen albasa ne, wasu kwana uku ba su ga ruwa ba.

Baba ya tsaya bakin ƙofa. Malam Bello ya ce wataƙila cuta ce ta shiga na'urar. Na san rufa mini asiri yake. Da na yi shiru, da ta wuce a haka. Amma Baba ni yake kallo.

"Ke, mi kit taɓa?"

"Ni ig goge, Baba."

"Don mi?"

"Hotunan 'yar Inna."

 Sannan ya ce, "Kunyarki ba ta shayar da albasa. In ruwan ga bai tahi kahin azahar ba, ki aje aikin."

Takardar makon jiya tana manne a bangon zaure, muka ciro ta. Matsalar ita ce canje-canjen da aka yi ran Asabar, su ne babu a ko'ina. Amma bangon ɗakina ba kauri, duk mai shigowa zaure ina jin muryarsa. Na rufe ido na shiga faɗa: wane ya yi musanya da wane don yana da suna ran Laraba, wane ya roƙi safiya don injinsa ya lalace, 'yan'uwan nan biyu da ba sa ga maciji an raba musu rana. Ina bugawa, ina duba rana a taga, yatsuna suna kuskure ina gyarawa. Malam Bello ya daina zolaya, karanto mini layi kawai yake.

Ana shirin kiran azahar takardar ta fito. Mutum guda na mance, ya zo washegari yana faɗa, Baba ya ba shi awannin gonarsa shi kansa. Baba bai sake ɗaga mini maganar ba, ni ma wata guda ban iya haɗa ido da shi ba.

Hotunan ba su dawo ba. Ƙanwata ta duba wayarta, biyu kawai suka rage.

Daga ranar duk Asabar muke juye Aiki a filashi, ɗan abin ajiya da ake soka wa kwamfuta, kuma Malam Bello ya nuna mini inda zan aje abina ba mai gani. Abin da na koya shi ne, kafin ki sa komi a folda, ki tambayi su wa ke buɗe ta, kafin ki goge kuma ki karanta tambayar, ko da za ki kira a fassara miki. Na kuma gane cewa manyan da nake tsoro ba su ga laifi ga uwa ta duba ɗiyarta ba. Ruwan mutane da na tsayar shi ne laifin.