Aikin Shagon Malam Hammadu

Duk wanda ya daɗe a Azare ya san Malam Hammadu tela. Mutumin Gamawa ne, ya shigo gari yana saurayi da baƙin keken ɗinkinsa guda ɗaya, ya kama shago a bakin kasuwa, yau shekara talatin ke nan bai canza wuri ba. Wajen yanka da ɗinki kam sai a sara masa. Kallo ɗaya zai yi maka ya ce ba sai ya gwada ka ba, riga kuma ta zauna maka daram. Amma ba wannan ke kawo matan gari shagonsa ba. Surfani ke kawo su, furannin nan da ake zanawa da zare a wuyan riga da bakin mayafi.

Abin da ba su sani ba shi ne, Malam Hammadu bai taɓa yin surfanin ko ganye ɗaya ba. Idan an kawo aiki, sai ya naɗe shi a baƙar leda ya zaga layin masu zare, wurin Nneka, wadda kowa ke kira Maman Divine. 'Yar ƙabilar Ibo ce, ta fi shekara ashirin tana sayar da zare da maɓallai a kasuwar, tana kuma da keke a bayan labule. Duk furen da aka yaba a shagon Malam, daga bayan labulen nan ya fito.

Kada a ce ya yi ƙarya, don shi mutum ne mai tsoron Allah. Dabara dai yake yi. In an tambaye shi wa ya yi wannan, sai ya gyara hula ya ce, "Aikin shagona ne." Ya tsaya nan. Abin da kunnen mutum ya ƙara a kai, wannan kuma ruwan mai kunnen.

Wadda kunnenta ya fi ƙarawa ita ce matarsa, Suwaiba. Kowace Sallah sai ya kawo mata mayafi mai surfani, ita kuwa ba gidan suna ko biki da za ta shiga ba ta baza shi ta ce, "Hannun Malam ne" ba. Shekara goma sha tara tana faɗa. Duk ranar da ya ji da kunnensa sai abinci ya ƙi shiga, amma bai taɓa gyara mata ba. Tun da bai faɗa a shekarar farko ba, a ta biyu abin ya fi ƙarfin bakinsa.

Wata Laraba ya kai aiki, Maman Divine ta ce, "Malam, ƙarshen wata mai zuwa zan koma gida. Divine ta haihu, ni ma ƙafa ta gaji."

Ba masu kawo ɗinki ya fara tunawa ba, Suwaiba ya tuna.

"Ka zo in koya maka kafin in tafi," in ji ta. "Keke ka sani, zare ka sani. Me ya rage?"

Haka tsohon tela mai furfura ya zama ɗan koyo. Bayan azahar yake zuwa, in kasuwa ta lafa. Yana shiga bayan labule sai ya janye takalmansa ciki, kada wani mai wucewa ya gane su. Maman Divine ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ta kwance ƙarfen da ke danne ƙyalle, ta sauke haƙoran keken, waɗanda ke jan ɗinki gaba. Ta ɗame ƙyalle a cikin zoben katako har ya yi tauri kamar fatar ganga, ta zana ganye da alli, ta ce bismillah. Malam ya ɗora hannu, ya taka keke da ƙarfinsa na shekara talatin. Allura ta yi ta suka wuri ɗaya, zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ƙyallen ya huje.

"Malam, wa kake jira?"

"Keken ya ja mana."

"Ai na sauke masa haƙora. Nan babu mai ja maka. In ba ka motsa hannu ba, nan za ka tsaya."

Kunya ta rufe shi. Ashe duk shekarun nan keke ke tafiya, shi rakiya kawai yake yi. Ya sake gwadawa, ya fizgi zoben da sauri, allura ta karye. A ranar, allura huɗu ya karya. Ƙafa ta yi gudu, hannu ya yi sannu, haka ta yi ta nanata masa, amma gaɓoɓinsa sun saba tafiya tare, raba su ya zama aiki. Mako shida suka yi. Ranar da ta hau mota, ganyensa ya fara kama da ganye, in an tsaya daga nesa.

Ba a yi kwana goma ba Suwaiba ta miƙo masa farin mayafi. Za a yi suna gidan ƙanwarta Fatu a Itas, tana son furanni ja a baki. Ya yi tunanin kaiwa wurin masu surfanin kwamfuta, amma ya san tana shafawa za ta gane. Ya tura ƙofar shago, ya sauke haƙoran kekensa, ya yi kwana uku a kai.

Bayan la'asar ya kawo mata. Ta shimfiɗa a tabarma. Furannin sun karkace, wani ya fi wani girma, ɗaya ma sak ƙafar agwagwa. Ga wurin da ya huje ya cike da zare, ya yi tudu.

"Innalillahi! Malam, wane mugun ka bari ya taɓa mini mayafi?"

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Amsar nan tasa ta kullum ta zo har bakinsa, ya haɗiye ta.

"Aikin hannuna ne," ya ce.

Ta fara dariya, sai ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya. Ta juya maganar a ranta.

"Hannunka," in ji ta a hankali. "Da can shagonka kake cewa."

Nan ya faɗa mata komai, har da baƙar leda da labule da takalman da yake ɓoyewa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ninke mayafin ta shige ɗaki. Kwana biyu, in ban da gaisuwa da ajiye kwano, ba abin da ya haɗa su.

Ranar suna da safe yana zaure yana jiran mai babur ɗin da zai kai ta tasha, sai ga ta ta fito. Akwatinta cike yake da mayafan Maman Divine, amma wannan ta yafa, ƙafar agwagwar a kan kafaɗarta inda kowa zai gani.

"Suwaiba, don Allah ki koma ki canza. Dariya za su yi miki. Za su tambaya wa ya yi."

"Za su tambaya," ta ce, tana gyara bakin mayafin. "Shekara goma sha tara ka bar ni ina ce musu hannunka ne, Malam. Yau ɗaya dai ka bar ni in faɗa alhali gaskiya ne."