Jimlar Da Ta Tura Direba Zurmi Shi Kaɗai

Muna idar da sallar asuba muka bar Ƙaura Namoda, ni da injiniyan da ya haɗa wa ƙungiyar manomanmu mataimakin waya mai ƙirƙirarriyar basira. Manomi yakan yi masa magana, shi kuma ya zaɓi ɗaya daga kayan aikin da aka ba shi: na duba farashi, na hasashen ruwan sama, ko na sufuri. Mataimakin ba ya ganin kayan. Bayanin da aka rubuta a kan kowanne yake karantawa ya yanke hukunci. Ni ne sakataren ƙungiya, sai na tantance bayanan na sa hannu za a buɗe shi ga kowa kafin kaka. Ga shi kuwa direbobin Shinkafi da ake gwajinsa da su sun ce sun janye, alhali in babu su amfanin gonarmu ba ya zuwa kasuwa.

Gero ya fitar da kai dama da hagu, abin sha'awa. Motoci kuwa a ayari suke tafiya, kowa na bin ƙurar ɗan'uwansa daga shingen jami'an tsaro zuwa na gaba. Kuɗin mota ya hau, ramuka sun ƙara zurfi, injiniya yana rungume da kwamfutarsa kamar mai jego.

A tashar Shinkafi aka tarbe mu da shayi da hoce mai zafi. Na fara da kayan duba farashi, kuma na gamsu. Bayaninsa ya faɗi kasuwar da yake dubawa, ya faɗi ma'aunin, tiya ko buhu, ya kuma ce in labarin ya kwana biyu a gaya wa manomi. Na yi ta juya wa mataimakin tambaya, bai kauce ba. Na hasashen ruwa ma haka.

Sai wani dattijon direba ya jawo benci kusa da ni.

"Sakatare, wanga yaron naku na waya ba shi da tsoron Allah. Bayan la'asar yat turo ni Zurmi, ni kaɗai, wai in ɗauko wake. Da na isa, mai waken yac ce shi tambaya kawai yay yi ko akwai mota. Can na kwana, iyalina ba su runtsa ba."

Na ce a buɗe mini bayanin kayan sufuri. Jimla ɗaya ce: "Yana neman mota." Ashe da zarar an taɓa shi, umarnin fita yake aika wa direba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekaruna na aikin ajiye bayanai ban taɓa yarda a rubuta wa takarda sunan da ba nata ba, balle abin da zai fitar da magidanci kan wannan hanya da yamma. Injiniya ya ce gajeren bayani ya fi tsabta. Na ce masa wannan ba gajarta ba ce, ɓoye gaskiya ne, kuma mataimakin ba shi da laifi, abin da aka gaya masa ya bi.

Nan kan bencin muka sake rubutawa, direbobi na tsaye a kanmu. Muka bayyana cewa kayan yana tura direba ne nan take. Kada a taɓa shi don amsa tambaya. Sai manomi ya tabbatar da bakinsa. Bayan la'asar ba fita, sai a haɗa mutum da ayarin safe. Dattijon ya ce shi bai yarda da rubutu ba sai ya gani.

Washegari muka biyo ta Ƙaura muka ɗauki hanyar Zurmi. Mai waken nan ya sauke mu da fura mai kauri da nono, yana ta ba da haƙuri kan abin da ba shi ya jawo ba. Muka jira har aka sallame la'asar, na ce ya maimaita tambayarsa kamar yadda ya yi ta ran nan. Wayar ta amsa cewa akwai mota, amma sai ayarin safe, ta kuma tambaye shi ko a riƙe masa. Mai waken ya ce a riƙe. Na kira dattijon a Shinkafi.

"Baba, an turo ka?"

"Ina nan zaune bisa benci, Sakatare. Ka ce ma yaron nan ya yi hankali. Gobe ni ad da waken."

A Zurmi muka kwana. Da dattijon ya iso da ayarin safe ya ɗora waken, muka biyo su, mun iso gida lafiya, motar waken tana gabanmu. Na sa hannu a ranar. Abin da na koyo shi ne, ba a auna irin wannan bayani a ofis don daɗin karatunsa. A kai shi inda za a yi aiki da shi, a tambayi abin da zai sa na'ura ta aikata, da wanda zai hau hanya saboda shi.